WAYA A HANNUN MALAMI, KUƊINTA A WUYAN GWAMNATI

Jama'ar Jega da Aliero da Maiyama, 'yan'uwanmu talakawa, manoma da 'yan kasuwa! Akwai wata magana wadda manyan 'yan boko suka daɗe suna yi a tsakaninsu da Turanci, a ɗakunan taro masu sanyi, ba tare da an nemi jin bakin mai sayar da albasa ko mai awon shinkafa ba, alhali kuwa a kan 'ya'yansu ake yin ta, kuma aljihunsu za a taɓa. Maganar ita ce wai lokaci ya yi da za a shigar da WhatsApp da Facebook da YouTube da sauran kafofin sada zumunta cikin aji, a riƙa koyar da yara da su. Waɗansu sun ce ga maganin jahilci ya samu. Waɗansu kuwa sun ce ga ƙofar lalacewa an buɗe. To, mu ga tamu, kuma ba za mu yi ta kewaye-kewaye ba: mun yarda waya ta shiga makaranta, amma fa ta zauna a hannun malami, kuɗinta kuma su fito daga baitulmali. Duk wanda ya zo muku da wani tsari dabam, ku dube shi da kyau, ku dubi jakarsa.

Kada wani ya ce mu maƙiyan zamani ne. Wa ya fi ɗan kasuwa sanin amfanin waya a ƙasar nan? Kafin wayar salula ta zo a 2001, mutum yakan loda albasa daga Aliero, ya bi mota kwana da kwanaki har Ikko ko Anacha, bai san yadda kasuwa ta kwana ba sai ya sauka, in ya tarar ta faɗi ya sayar a yadda dillali ya ga dama, domin albasa ba ta jiran kowa. Yau kuwa tun buhu yana ƙasa an ɗauki hotonsa, an aika, an yi ciniki, kuɗi sun shigo, an je wurin mai POS an karɓa. Dattijon da bai taɓa zama aji ba yana danna waya ya yi magana, saƙon muryarsa ya isa Badun kafin ya sauke hannu. Wa ya shirya masa taron bita? Wa ya ba shi alawus? Amfani ya gani ya kama. Haka iyayenmu suka kama Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fito a 1939, mai karatu ɗaya yana karanta wa mutum goma a gindin bishiya. Haka suka cika ajin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950. Haka suka rungumi akwatin rediyo tun da Sashen Hausa na BBC ya soma magana a 1957. Talaka bai taɓa gudun ilmi ba in an kawo masa shi da harshensa, a kan farashin da zai iya.

Kuma ko da muna so mu ƙi, an riga an toshe mana hanyar ƙi. Tun 2015 hukumar JAMB ta daina yin jarrabawar shiga jami'a a kan takarda, sai a kan kwamfuta. A 2025 kuma ministan ilmi na Tarayya, Tunji Alausa, ya ba da sanarwar cewa Gwamnati tana nufin mai da jarrabawar WAEC da NECO kan kwamfuta su ma. To, ku dubi yaron da ya taso a wani ƙauye na ƙasar Maiyama, mai ƙwaƙwalwa, mai hazaƙa, wanda ya san lissafinsa sarai, amma bai taɓa ɗora yatsa a kan na'ura ba sai ranar jarrabawa. Rabin lokacinsa zai tafi wajen neman inda zai danna. Ɗan mai kuɗi da ke gefensa, wanda watakila bai kai shi ƙoƙari ba, ya gama ya fita. Aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero a 2006, zamanin Gwamna Adamu Aliero, ga ta nan a ƙofar gidanmu. Ga kwalejin koyon aikin lafiya a Jega. Ɗan mai dakon albasa yana wucewa ta bakin ƙofar jami'ar kullum, yana ganin ginin da idonsa, amma mabuɗin ƙofar yana cikin na'urar da ba a taɓa nuna masa ba. Wannan ba ƙaramin zalunci ba ne, ko da yake ba a yin sa da bulala.

Har ila yau akwai ranakun da makaranta takan rufe ba da son kowa ba. A watan Maris na 2020 cutar korona ta sa aka rufe makarantun ƙasar nan duka, wata da watanni. 'Ya'yan manya suka ci gaba da karatu ta waya a ɗakunan iyayensu, namu kuwa suka koma gona da talla, waɗansu har yau ba su koma aji ba. A watan Yuni na 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri. A watan Nuwamba na 2025 suka shiga makarantar 'yan mata ta Maga. Duk ran da irin wannan ta faru, uba yakan kwana yana tunani ko ya bar 'yarsa ta koma. Saboda haka hanyar da darasi zai bi ya iske yaro a gida abar nema ce, ba mu musun wannan.

Inda muka rabu da masu taron shi ne wurin tambayar da ba sa son a yi: wa zai biya?

Ku ƙaddara gobe hedimasta ya tsaya a filin makaranta ya ce daga yau kowane ɗalibi ya shiga zauren WhatsApp na ajinsu, can za a riƙa ba da aikin gida. Magana mai sauƙi a baki. Amma ku shiga gidan talaka ku ƙirga. Babbar waya ɗaya ce a gidan, in ma akwai, kuma tana aljihun maigida, ita ce rumfarsa, ita ce littafin bashinsa, da ita yake fita tun asuba ba ya dawowa sai bayan magariba. 'Ya'ya bakwai ne a gidan, biyar suna makaranta. Wa za a ba? In an ba, babban namiji zai karɓa, 'yan mata su yi ta kallo, watau waɗanda aka riga aka bari a baya su za a ƙara bari. Sa'an nan ga kuɗin data, wanda hukumar sadarwa ta ƙasa ta yarda wa kamfanoni su ƙara har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairu na 2025. Ga kuɗin caji, tun da wutar lantarki baƙuwa ce a garuruwanmu, in ta zo yara har shewa suke yi, mai wurin caji kuwa da janareta yake aiki, man fetur kuma kowa ya san inda ya kai tun da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023. In ka tara waɗannan duka, za ka ga an ɗora wa uba sabon haraji, sai dai ba a kira shi haraji ba, kuma ba a ba shi rasit.

Mu tuna muku da doka, domin masu mulki sun fi son mu manta da ita. A Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya a 1999, aka yi masa doka a 2004. Dokar ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ne, ta kuma ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin tallafa wa jihohi su yi wannan aiki. To, in karatu kyauta ne, yaya za a ce yaro ba zai sami darasin yau ba sai ubansa ya sayi data? In waya ta zama kayan karatu kamar allo da alli da benci, ai wanda doka ta ɗora wa allo da alli da benci shi ne zai ɗauke ta. Haka nan a 2022 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya da UNICEF da kamfanin Microsoft suka buɗe wata taskar darussa a intanet mai suna Nigeria Learning Passport, aka ce kyauta ce. Mun gode. Amma in an ce ga tuwo kyauta a hayin Gulbin Zamfara, kuɗin fito kuwa sai mai shi ya biya, to wanda ke da kuɗin jirgi shi kaɗai aka gayyata.

Abin da ya fi ba mu tsoro kuma shi ne kwangila. Mun san halin mutanenmu. Da zarar an ce zamani, sai wani ya ji ƙanshin kuɗi. Za a sayo na'urori dubbai a kan farashi ninki uku, a tara 'yan makaranta cikin rana, a yi kiɗa, a ɗauki hoto, a watsa a talabijin. Bayan wata shida rabinsu sun mutu babu mai gyara, rabi suna kulle a sito domin hedimasta yana tsoron a ce ya ɓatar, yara kuwa suna nan zaune a ƙasa, rufin aji yana yoyo. Ba zato muke yi ba, an gwada raba wa yara na'ura an ga ƙarshenta. A 2007 aka raba wa 'yan makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja ƙananan kwamfutoci, ƙarƙashin wani shiri da aka kawo daga Amurka na ba kowane yaro tasa. Ba a yi nisa ba sai ga labari a jaridun duniya cewa an sami yaran suna kallon hotunan batsa da su, sai daga baya aka shiga neman abin da zai tace. Ƙasar Peru a Kudancin Amurka ta raba irin waɗannan kwamfutoci dubu ɗaruruwa. Da masana suka auna a makarantun karkara fiye da 300, suka fid da sakamako a 2012, sai suka tarar yaran sun iya sarrafa na'urar ƙwarai, amma lissafinsu da karatunsu ba su ƙaru ba. An kashe dukiya, an sami yara masu iya danne-danne.

To, ina aka ga amfani? Ba sai mun je nesa ba, maƙwabtanmu ne. A jihar Doso ta Jamhuriyar Nijar, wadda ta yi iyaka da jiharmu ta Kebbi, da kuma jihar Damagaram, an yi wani gwaji a 2009 da 2010 a ƙauyuka fiye da 100. Ajin yaƙi da jahilci ne na manya, maza da mata, manoma da 'yan kasuwa irinmu, ana koyar da su da Hausa da Zabarmanci. Duk ƙauyukan an ba su malami da darasi iri ɗaya. Amma a rabinsu sai aka ƙara da abu ɗaya: malamin ya koya wa ɗalibansa yadda ake rubuta saƙo da karanta shi a ƙaramar waya, irin mai maɓallan nan da kowa ya raina, ana ba rukuni guda waya ɗaya suna karɓa-karɓa. Da aka yi jarrabawa, 'yan ƙauyukan da aka haɗa da waya suka fi sauran a rubutu da lissafi. Dalili kuwa a fili yake. Wanda ya koyi baƙi a aji ya koma gida babu abin karantawa, mantawa zai yi. Wanda kuwa yake son ya aika wa ɗansa da ke ci-rani saƙo, ko ya tambayi kuɗin gero a wata kasuwa, kullum yana bita ba tare da an ce ya yi ba. Ku lura fa, malami yana nan, aji yana nan, harshen gida ne, waya kuma mai araha ce.

A ƙasar Botswana ma, lokacin da korona ta rufe makarantu a 2020, an gwada hanya biyu a gidaje dubbai. Waɗansu aka riƙa aika musu da tambayoyin lissafi a rubuce ta waya kowane mako, shi ke nan. Waɗansu kuwa bayan saƙon sai mai koyarwa ya kira wayar gidan, ya yi kamar minti 20 yana bi da yaron, uwa ko uba suna saurare. Saƙo shi kaɗai bai yi wani abin kirki ba. Inda aka ji muryar mai koyarwa, nan aka ga yara sun ci gaba. A nan gida kuma, jihar Edo da ta tashi gyara makarantun firamarenta a 2018, malamai ta raba wa na'urar da ke ɗauke da darussa, ba yara ba.

Mu mutanen ƙasar Gwandu bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta so ilmi ya kai ga matan karkara waɗanda ba su iya barin gidajensu su zo Sakkwato ko Wurno. Me ta yi? Ta zaɓi dattijan mata amintattu, ta naɗa su jajis, ta ɗora musu malfa, ta koya musu darasi cikin waƙa da Hausa da Fulatanci yadda zai zauna a ka, suka koma garuruwansu suka koyar da 'Yan Taru. Ba ta watsa takardu a kan hanya ta ce kowa ya tsinta ba. Ta san cewa saƙon ilmi sai da ɗan aike wanda aka sani, aka yarda da shi, wanda in ya yi kuskure za a san wurin wa za a koma. Waya jaka ce ta ɗaukar saƙo, mai sauri fiye da duk wadda aka taɓa yi, amma har yanzu sai an sami jaji.

Ga yadda muke ganin abin zai yiwu a makarantar Jega ko ta Aliero ko ta Maiyama, ba tare da an tatsi kowa ba. Makaranta ta sami farantin sola ɗaya da batir, abin da mai shagon caji a tasha ya riga ya mallaka, balle Gwamnati. Malami ya sami babbar waya ta aiki da data ta wata-wata daga ofishin ilmi na ƙaramar hukuma. In zai koyar da yadda jini yake zagaya jiki, ko yadda ake husufin wata, ko yadda ƙwayar cuta take shiga ruwan sha, sai ya sauko da hoton mai motsi sau ɗaya, ya duba shi tukuna shi kaɗai, sa'an nan ya nuna wa yara rukuni-rukuni, yana tsayarwa yana bayani da Hausa, yana tambaya. Data ɗaya ta yi wa yara sittin aiki. Malamin lissafi a Maiyama da ya kakare a wani babi ya tambayi 'yan'uwansa malamai a zauren WhatsApp nasu, wani daga Jega ya ɗauki hoton allonsa ya aiko masa. Wannan shi ne amfani mafi girma, kuma shi ne wanda ba a cika faɗa ba, domin babu kwangila a cikinsa: malamin ƙauye ya daina zama shi kaɗai kamar bishiya a fako.

In an tashi, sai malami ya ɗauki muryarsa minti uku ko biyar, da Hausa, ya faɗi abin da aka koya yau da aikin da ya bayar, ya aika wa iyaye. Uba ya ji a rumfarsa tsakanin ciniki da ciniki. Da dare ya kunna wa uwar gida ta ji, ita da ba ta fita, ba ta kuma karanta boko, amma daga yau ta san abin da za ta tambayi ɗanta. Gidan da babu babbar waya kuwa bai rasa kome ba, domin aikin yana rubuce a allo, yaro ya kwafa a littafinsa kafin ya fito. Wannan sharaɗi ne da ba ma sassautawa: kada a taɓa ba da wani darasi ko aiki ko sanarwar jarrabawa ta waya kaɗai. Abin da ya shiga waya, ya fara hawa allo.

Kuma ku 'yan kasuwa kuna da abin bayarwa wanda babu shi a YouTube. Wane littafin lissafi ne ya kai kasuwar albasa ta Aliero? Buhu nawa mota take ɗauka, nawa ne kuɗin mota zuwa kudu, nawa ne la'ada, nawa ne kuɗin dako da na lodi, kashi nawa ke ruɓewa a hanya in an yi zafi, a nawa za a sayar kafin a ce an fita? Malami mai hankali zai nemi ɗan kasuwa ya aiko masa da farashin mako ta saƙon murya, ya kunna wa yara, su yi lissafin riba da faɗuwa da kuɗin gaske. Yaron da ya yi wannan ba zai ƙara tambayar amfanin kashi cikin ɗari ba, kuma ba dillalin da zai cuce shi nan gaba.

Yanzu bari mu faɗi abin da ke sa muka nace waya kada ta koma hannun yaro a aji. Ku 'yan kasuwa ne, kun san ba mai kafa rumfa domin Allah ya ba da kaya kyauta. Kamfanonin da suka yi Facebook da TikTok da YouTube 'yan kasuwa ne irinmu, sai dai hajarsu ita ce idon mai kallo da lokacinsa, shi suke sayar wa masu talla. Saboda haka suka gina abin yadda in ka shiga ba ka son fita. Dattijo mai gemu ma yakan ce bari ya duba abu ɗaya, ya farga sa'a ta wuce, ina ga yaro ɗan shekara 13? Ƙasashen da suka riga mu shiga wannan ruwa sun soma ja da baya. Faransa ta hana yara amfani da waya a makarantun firamare da ƙananan sakandare tun 2018. Hukumar UNESCO ta ja kunnen ƙasashe a rahotonta na 2023 cewa kada a shigar da na'ura aji sai inda aka tabbata tana taimakon karatu. Ostareliya ta yi doka, wadda ta fara aiki a watan Disamba na 2025, ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafi a manyan kafofin nan. Waɗanda ke da wuta dare da rana, da malamai isassu, suna karɓe wayar daga hannun 'ya'yansu, mu kuma a ce mu miƙa wa namu a ajin da malami ɗaya yake fama da yara fiye da yadda zai iya ƙirgawa da ido?

Zauren da aka tara yara ko matasa babu babba a ciki kuwa, mun ga abin da yake iya haifarwa, kuma ba a nesa ba. A watan Mayu na 2022, a kwalejin horon malamai ta Sakkwato, magana ta tashi a zauren WhatsApp na 'yan aji ɗaya, ta fita daga waya ta koma fili, aka kashe ɗaliba, kisan da babu wata kotu da ta yanke, gari ya rikice har Gwamnati ta sa dokar hana fita. Waɗannan fa manyan ɗalibai ne. Maganar da za a yi a aji malami ya tsawata ta mutu nan take, in ta shiga waya sai ta yi ƙafa, ta kai inda mai ita bai taɓa zato ba. Saboda haka kowane zaure na makaranta ya kasance na iyaye da malamai, hedimasta yana ciki, ba a sa kome sai abin karatu. Kada malami namiji ya riƙa aika wa ɗaliba saƙo ita kaɗai, ko da rana balle da dare, in yana da magana ya bi ta wayar ubanta ko uwarta. Kada a ɗauki hoton 'ya'yan mutane a watsa a Facebook domin tallan makaranta sai da yardar iyayensu. Malaman kirki, waɗanda su ne mafi yawa, ba za su ji haushin wannan ba, domin su ma kariya ce gare su daga ƙazafi.

Kada kuma a manta cewa abin da yake hannun wani, ranar da ya ga dama zai rufe. Gwamnatin Tarayya ta rufe Twitter daga watan Yuni na 2021 har Janairu na 2022. A watan Satumba na 2021 aka yanke sabis ɗin waya a jihar Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka yi makonni ba kira ba saƙo. Makarantar da ta jingina karatunta duka a kan waya, a irin wannan rana sai ta rufe. Allo da littafi ba mai kashe su daga Abuja.

Duk wannan tsari a kan mutum ɗaya ya tsaya, shi ne malami, kuma shi ne aka fi wulaƙantawa. Ba za mu yarda a ce malamin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, wanda da yawansu sai sun haɗa da noma ko acaba ko tireda, shi ne kuma zai sayi waya da data daga aljihunsa domin ya yi wa Gwamnati aiki ba. In aka yi haka, an ɗauke kaya daga kan talaka ɗaya an ɗora wa talaka ɗan'uwansa. Gwamna Nasir Idris, wanda aka rantsar a 2023, malamin makaranta ne, har ya shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa baki ɗaya. Ba ya bukatar kowa ya gaya masa abin da ke cikin aljihun malamin firamare ran 20 ga wata. To, muna jira mu gani a rubuce cikin kasafin kuɗi: nawa aka ware wa sola, nawa aka ware wa data, makarantu nawa, a waɗanne garuruwa. Horon malaman ma ba sai an ɗauko ƙwararru daga Ikko an sauke su a otal ba. Jami'ar Aliero tana da malamai da ɗaliban ilmin kwamfuta, daga can zuwa Jega tafiyar 'yan mintoci ce, Maiyama ma ba nisa. Lokacin hutu a buɗe wa malaman firamare da na sakandare ɗakunan kwamfutar jami'ar, a kuma riƙa kawo 'yan ajin ƙarshe na makarantun ƙauye su zauna gaban na'ura sau da yawa kafin ranar JAMB. Jami'ar da aka gina da kuɗin jama'a, wannan kaɗan ne daga haƙƙin maƙwabtaka.

In ƙungiyar 'yan albasa ko ta 'yan shinkafa ko ta direbobi ta ga dama ta saya wa makarantar unguwarsu farantin sola, don kanta, madalla, Allah ya saka. Amma kyauta dabam, tilas dabam. Ranar da aka kira taron iyaye da malamai, kada ku ce kasuwa ta hana ku, ku bar yaro a rumfa ku je. In aka kawo maganar waya, ku tambaya a hannun wa za ta zauna, wa zai sayi data, yaron da gidansu babu waya kuma ina matsayinsa. In aka ce kowane uba ya kawo kaza domin sayen na'ura, ku ce a nuna muku takardar da ta ba da izni, da sa hannun sakataren ilmi, a kuma ba ku rasit. In aka ce an kawo wa makarantarku kwamfutoci, ku zaɓi mutum biyu su je su ƙirga su da idonsu, su rubuta, su koma bayan wata shida su sake ƙirgawa. Masu neman ƙuri'a kuma suna nan tafe kafin zaɓen 2027, daga kansila har ɗan majalisa, za su shigo kasuwa suna ɗaga hannu suna raba sabulu da atamfa. Ku tsai da su a bakin rumfa ku yi musu waɗannan tambayoyi, in sun amsa ku ce su maimaita a hankali, ku danna waya ku ɗauki muryarsu ku ajiye.